Turmin Kaka

Gwaggo ba ta taɓa rasa abin da za ta ce a kaina ba, shi ya sa da maganarta ta yanke a tsakiya na san ba lafiya ba tun ban ji dalili ba.

Ran nan ne zuwanta na farko gidana a Gummi tun da aka kawo ni. Yayar mahaifina ce, kuma lokacin bikina tana takaba, ba ta samu zuwa ba. Tun daga ƙofar gida ta fara ba'a. Wai labulena ya yi tsawo, kujeruna sun cinye ɗaki har babu wurin shimfiɗa tabarma, cikina ya fito amma wuyana ya rame, da gani mijina da littafi yake ciyar da ni. Na shimfiɗa mata a inuwar ɗakin girki ina dariya, na ce yau sai ta sha furar hannu, ta koma gida ta ba da labari cewa 'yar boko ta iya kirɓi. Na jawo turmi, na juye dawo da zafinsa, na ɗaga taɓarya. Tana cikin ba ni labarin wata maƙwabciyarta sai na ji shiru. Na ɗago kai. Ba ni take kallo ba, idonta na kan ɗan ƙarfen da aka ɗaure bakin turmin da shi, wurin da ya taɓa tsagewa.

"Aje taɓaryar ga," in ji ta.

Na ajiye.

"Ina kinka samo turmin ga?"

"Na Kaka ne, Gwaggo. A bayan rumbun Baffa na gan shi a kife."

"Na san na tsohuwa na. Kin sha abin da kinka daka cikinai?"

Na ce na sha. Ta dubi cikina, ba ta dubi fuskata ba. Ta tashi ta kwashe dawon da ludayi ta zuba a leda ta ƙulle, ta ce ko kaji kada in ba. Sannan ta zauna ta gaya mini cewa a shekarar guba, a cikin turmin nan ake daka dutsen zinari a sashen Baffa, ƙanen mahaifina. Da idonta ta gani. Ita duk zatonta yana cikin kayan da ma'aikata suka kwashe lokacin da aka zo gyaran gari.

Ni ban ga shekarar guba da idona ba. Ina makarantar kwana. Na bar ƙauyenmu na ƙasar Bukkuyum ana ta murnar an samu dutse mai zinari, samari suna sayen babura, kowane gida ka shiga za ka ga buhun dutse a jingine kusa da buhun gero. Da na dawo hutu na tarar an kankare ƙasar tsakar gidanmu an zuba wata sabuwa mai ja, wadda ƙafata ba ta sani ba. Na tarar babu autanmu. Ya yi ta suma yana sanƙarewa, Inna ta yi makonni da shi a asibiti a Anka, ta dawo da zanen goyo a ninke. Aka ce mana dalma ce a cikin dutsen, ƙurarta ce yara suke shaƙa, suke haɗiya da tuwo. Inna ba ta taɓa ba ni labarin makonnin nan ba. Ni ce 'yar farinta, tsakaninmu akwai kunya, ko sunana ba ta kira. "Ke" nake, ko "yarinyar ga."

Turmin kuwa tun tasowata na san shi, ya girme ni a shekaru nesa ba kusa ba. Na kirya ne, baƙi, mai nauyi, mace ɗaya ba ta ɗaga shi sai dai ta mirgina. Da shi aka kawo Kaka gidan kakanmu. Tun ina ƙarama ƙararsa ce ke tashe ni. Kafin rana ta fito Inna da matar Baffa sun sa taɓare biyu a ciki, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, wani lokaci matar Baffa ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, Kaka na zaune da faifai tana cewa a rage wasa a yi surfe. Daga gidan maƙwabta wasu turamen su amsa. Kowane gida da muryar turminsa, kuma Kaka tana iya gaya maka wace mata ce ta makara, wace ce ke fushi da mijinta, daga jin saukar taɓarya kawai. Idan gida ya wayi gari shiru, sai ta aike ni in je in gaishe su, don ko dai ciwo ne ko rigima.

Ba daka kaɗai ake yi da shi ba. Duk 'yar da za a aurar a zuriyarmu, a kansa ake kifewa a zaunar da ita a yi mata wankan amarci. Gwaggo ta zauna a kansa. 'Yan'uwanta mata sun zauna. Ina tuna bikin wata yayata 'yar Baffa, ina leƙe ta tsakanin zannuwan mata, tana kuka a lulluɓe, tsofaffi suna zuba mata ruwan lalle suna yi mata faɗan zaman gidan miji, ƙafafunta ba su ko kai ƙasa sosai ba. Na ce a raina wata rana ni ce a wurin. Bayan rasuwar Kaka turmin ya koma sashen Baffa, Inna ta sayi nata, ni kuma na tafi makaranta na manta da shi.

Nawa auren bai yi kama da na Inna ba. Ita takan ce sau biyu ta ga mahaifina kafin a ɗaura, ɗaya ma daga nesa ne ranar kasuwa. Ni kuwa Malam, mijina, ya zo ƙauyenmu koyarwa ne na ɗan lokaci, ya ga ina taya ƙananan yara karatu a zaure, ya nemi lambar wayar ƙanena. Mun fi yin zance a waya fiye da a ƙofar gida. Shi ya fara cewa a bari in gama jarrabawar ƙarshe, mahaifina ya ce ai shi ma abin da ke ransa ke nan. Ƙawayena na makaranta da muka yi aure kusan lokaci ɗaya, hirarsu kujeru ce da firiji da injin markaɗe da wanda zai ɗauki hoto. Ni ma na so waɗannan, ba zan yi ƙarya ba, kuma an yi mini daidai ƙarfin gidanmu. Amma ana saura 'yan kwanaki biki na zagaya bayan rumbun Baffa neman wata kaza, na ga turmin Kaka a kife, kara ya rufe rabinsa. Baffa ya riga ya kwashe iyalinsa sun bar garin tun bayan abin da ya faru. Na mirgino shi da kaina har sashenmu, na wanke shi da toka da sabulu, na shafe bayansa da man gyaɗa.

Inna ta tsaya ta daɗe tana kallonsa. Ita a saninta tun rasuwar Kaka ba a sake daka komai a cikinsa ba, don lokacin da ake daka dutse a cikinsa tana Anka da yaro a hannu. Ta ce, "Shi kika so a kai ki da shi? Sabo fa anka yi niyyar saye." Na ce shi nake so. Da yamma na ji ta tana gaya wa maƙwabciya, da wata murya da ban saba ji ba, wai yarinyar ga duk bokonta turmin tsohuwa ta zaɓa.

A kansa aka yi mini wanka. Ƙawayena suna bakin ƙofa da wayoyinsu, tsofaffi suna korarsu. Na yi niyyar ba zan yi kuka ba, tun da ni na zaɓi mijina kuma na san gidan da za ni. Amma da na ji sanyin itacen nan a jikina, na tuna duk waɗanda suka zauna a kansa kafin ni, sai kukan ya zo da kansa. Da aka loda kaya a mota zuwa Gummi, direba ya yi ta mita wai turmin ya fi gado nauyi. Ƙawata ɗaya ta ce, "Ke da za ki birni, me za ki yi da wannan gunkin?"

Gaskiyarta, kusan ban yi komai da shi ba. A satin farko na tashi da sassafe na jiƙa gero zan yi surfe, Malam ya fito da buta a hannu ya tsaya yana kallona.

"Amarya, mi kike yi haka?"

"Surfe."

"Ga inji nan bayan masallaci. Ni ban auro ki don ki farfasa hannu ba. Zuba a roba in kai."

Ya ɗaure robar a bayan babur ya tafi, ya dawo da gari kafin ruwan koko ya tafasa. Haka muka ci gaba. Turmin ya koma kujerarsa. Yakan kife shi a gindin bango ya zauna ya yi alwala, ko ya ɗora littattafan yara a cinya yana dubawa. Na ce masa a garinmu namiji ba ya zama a kan turmi, ya ce to a Gummi ya fara. Da Inna ta zo ganin ɗaki ta kwana biyu, ta wayi gari ta ji gidan shiru, sai ƙarar rediyo. Ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Gidan da ba a jin taɓarya, maƙwabta cewa za su yi ko ba ki lahiya, ko ba ku shiri." Na ce, "Inna, su ma maƙwabtan inji suke kaiwa." Ta ce ai shi ya sa unguwar taku kamar an yi rasuwa. Na ji ciwon maganar. Na ga kamar na karɓi turmin Kaka na mayar da shi kayan ado.

Sai da na samu ciki abin ya canja. Komai na inji ya riƙa yi mini ƙarnin ƙarfe. Raina ba ya son komai sai fura irin ta gida, mai citta da kanumfari, wadda aka kirɓa da hannu. Idan Malam ya tafi makaranta sai in birkice turmin in ɗauraye in daka kaɗan. Ba kullum ba, don bayana yana ciwo, amma na yi, kuma na daka yaji a ciki. Ina jin daɗin ƙararsa a tsakar gidana. Har nakan ce wa abin da ke cikina, ji muryar gidanku.

Wannan ne ya yi ta dawo mini bayan Gwaggo ta gama magana. Na zauna a ƙasa na riƙe cikina da hannu biyu. A makaranta an koya mana cewa abin da uwa ta ci yana isa ga ɗan da ke cikinta, kuma bayan shekarar guba babu wanda ya tashi a ƙasarmu da bai san abin da dalma ke yi wa ƙaramin yaro ba. Na ga waɗanda suka rayu ma, wasu ba sa gani, wasu har yau ba sa magana. Na yi ta jiran in ji motsi. Da ya motsa sai na ce ko sanƙarewa ce irin ta autanmu.

Malam ya dawo bayan azahar ya tarar da mu haka. Gwaggo ta ja mayafi ta gaya masa a taƙaice. Na zaci zai ce ai na gaya miki ki bar daka. Bai ce ba. Ya tsuguna a gabana, a gaban Gwaggo, ya kama hannuna, abin da ya sa ta kau da kai ta shiga gyaran tabarmar da ba ta karkace ba.

"Gobe Anka za mu," ya ce. "Can suka da abin awon jini. Da turmin za mu tahi."

Gwaggo ta ce ai ita ta isa ta raka ni, wannan sha'anin mata ne, shi ya je aikinsa. Ya ce, "Gwaggo, ni ma na sha furar, kuma ɗan nawa na." Ya kira ƙanena a waya ya ce a gaya wa Inna.

Da safe ya sa turmin a buhu biyu ya ɗaure, aka ɗora a saman ƙaramar bas. Gwaggo ta zauna tsaron gida. A mararrabar Bukkuyum motar ta tsaya ɗaukar mutane, sai ga Inna a bakin hanya ita kaɗai, da ɗan ƙunshi a hammata. Ɗan acaɓa ya kawo ta tun da sassafe. Ban taɓa ganin ta fita gari ba tare da an yi shawara an sake ba. Ta shigo ta zauna a bayana. Ta amsa gaisuwar Malam a ƙasan murya, ni kuma ta ce, "Kin karya?" Na ce ban iya ba. Daga nan har Anka, duk ramin da motar ta faɗa sai in ji tafin hannunta a bayana.

A asibitin ba mu tambayi hanya ba. Inna ce a gaba, ta bi ta wata ƙofa, ta karya kwana, ta kai mu daidai rumfar da mata ke zaune da yara. Sai a lokacin na gane a nan ta yi makonnin nan. Ta zauna a ƙarshen benci, can gefe, kamar wurin da ta saba.

Ma'aikaciyar da ta karɓe mu Kirista ce daga wajen Filato, babbar mace mai gilashi, Hausarta irin ta can. Ta saurare ni har na gama, ko da yake rabin maganar kuka ne. Ta tambayi sau nawa nake daka, na ce ban ƙirga ba, wani satin sau ɗaya, wani satin ban taɓa ba. Ta tambayi tuwon yau da kullum fa, a ina ake niƙa. Malam ya ce inji. Ta ce yawanci ƙananan yara suke aunawa, amma mai ciki ba za su mayar da ita ba. Ta wanke mini hannu da kanta sosai kafin ta ɗebi jinin. Ta sa aka shiga da buhun ta baya, ta ce turmin kam ba zai koma gida ba, ko me awon ya nuna, don itace yana riƙe abu a cikin tsagarsa. Na ce to. Ban san zan ji zafin wannan ba a irin wannan rana, amma na ji.

Muka zauna jira. Malam ne kaɗai namiji a rumfar. Matan suka yi ta satar kallonsa, har wata tsohuwa ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, ba ka da wurin zuwa na? Ko kai ad da cikin?"

Aka yi dariya. Ya ce, "Rabi nawa na, Inna." Tsohuwar ta ce ita ta haifi tara, mijinta bai taɓa sanin ƙofar da ake shiga ba, sai dai a aika masa gona a ce an sauka. Ta juya wajen mahaifiyata ta ce, "Surukinki na?" Inna ta gyaɗa kai. "To kin samu," in ji tsohuwar, "ko kuwa kin gamu, ban sani ba." Na ga gefen bakin Inna ya motsa.

Aka yi azahar, aka yi la'asar. Malam ya sayo burodi da ruwa, ban ci ba. Ina zaune ina tuna safiyar gidanmu, da matar Baffa tana cilla taɓarya, da Kaka da faifanta, ina tambayar kaina yaushe ne aka fara zuba dutse a inda ake zuba gero, kuma wa ya kife turmin a bayan rumbu maimakon ya miƙa shi. Wataƙila wanda ya yi ya ji abin da na ji ne, ya ga ba zai iya bari a tafi da kayan tsohuwa ba. Ban iya jin haushinsa ba. Har yau da nake rubuta wannan, idan wata a unguwarmu ta sa taɓarya a turmi, sai na bar abin da nake yi na zauna ina sauraro har ta gama.

Rana ta yi sanyi lokacin da ma'aikaciyar ta leƙo ta yafito ni. Na tashi, Malam ya biyo ni. Inna ba ta tashi ba. Sai matar ta dube ta, ta ɗan tsaya, ta ce, "Mama, ke ma zo. Na gane ki."

A ciki ta cire gilashinta ta ce, "Kin ji ko, ki kwantar da hankali. Akwai ɗan kaɗan a jininki, irin wanda muke gani a kusan duk wanda ya tashi a wajen nan. Bai kai na tsoro ba, ko kusa. Ke lafiya, ɗanki lafiya. Za mu sake dubawa kafin ki haihu don mu tabbata, shi ke nan." Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Ta ce da a ce tuwon kullum a cikinsa ake dakawa tun da aka kai ni, da wata maganar muke yi yanzu.

Malam ya sauke numfashi ya jingina da bango. Inna ta matso kusa. Sannan ta zaro ƙunshin nan da ta wuni da shi a hammata, ta kwance. Dawo ne, curi huɗu, an barbaɗe da gari. Ta kirɓa shi tun asuba don ta san abin da raina ke so, ta kuma ɓoye shi wuni guda ta kasa fitarwa. Ta miƙa wa ma'aikaciyar, ba ni ba.

"Turmina sabo na, na da an tahi da shi lokacin gyaran gari, anka sayi wannan. Dutse bai taɓa shiga ba. Tana iya sha?"

"Ta sha, Mama."

Muka fito gindin wata bishiya a bakin asibitin. Malam ya je ya samo nono wurin wata Bafulatana da ke shirin tashi, ya aro ƙwarya da ludayi. Inna ta dama da kanta, ta miƙo mini, ta ce wa Malam, tana kallon wani wuri daban, gobe ya ci gaba da kai niƙan nan nasa inji. Na kafa kai na sha, ta ƙara mini, na sake sha.